GIDAN SIMAN MAJEMI: FATAR AKUYARMU A KASUWAR ATTAJIRAI

Wa'azin Litinin ta Mako Mai Tsarki, ga jama'ar Allah da ke Matazu da ƙauyukanta
Karatu: Yohanna 12:1-11, Ayyukan Manzanni 9:43-10:23



 

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan na gama Misa a ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu da ke bayan Matazu, muna zaune a inuwar dalbejiya ana jiran a kawo fura, sai wani saurayi ya matso ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata jakar hannu ta mata ce, ja, ta fata, an ajiye ta ita kaɗai a cikin gilashi a wani kanti na ƙasar Turai, an rubuta kuɗinta a ƙasa. Da muka juya kuɗin zuwa Naira, sai muka ga ya fi abin da gonar mahaifinsa za ta bayar cikin shekaru masu yawa. Ya ce mini, "Fada, an ce da fatar akuya aka yi ta, wataƙila ma irin ta garken innata. Ni kuwa ranar Kirsimeti na kai fatar akuyarmu kasuwa, abin da aka ba ni bai sayi tiyar gero ba. Shin wannan ciniki, Allah yana cikinsa?"

Ban ba shi cikakkiyar amsa a ranar ba. Na ga fushi a idonsa, na kuma san cewa irin wannan fushi, idan ba a yi masa magana da gaskiya ba, shi ne yakan kori yaro daga gona ya kai shi tasha, ko ya kai shi inda ya fi tasha muni. Na yi masa alkawari zan amsa a gaban jama'a. Yau kuwa Ikilisiya da kanta ta ɗora mana Bisharar da ta dace da tambayarsa.

TURAREN MARYAMU DA LISSAFIN YAHUZA

Saura kwana shida Idin Ƙetarewa, aka shirya wa Yesu jibi a Betanya. Marta tana hidima, Li'azaru wanda aka tashe shi daga kabari yana zaune cikin masu ci. Sai Maryamu ta ɗauko man ƙanshi na nardi tsantsa, mai tsadar gaske, ta zuba a ƙafafun Ubangiji, ta share da gashin kanta, har ƙanshi ya gama gidan. Yahuza Iskariyoti ya yi lissafi nan take, ya ce da an sayar da shi da an sami dinari 300 an raba wa matalauta. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, kamar yadda muka sani daga misalin ma'aikatan garkar inabi a Matiyu 20. Ke nan Maryamu ta tsiyaye kusan ladan shekara guda cikin 'yan mintoci.

Lissafin Yahuza daidai ne, zuciyarsa ce ba daidai ba, gama Yohanna ya faɗa mana a fili cewa shi ne ke riƙe da jakar kuɗi, yana kuwa sa hannu a ciki. Ubangiji bai tsawata wa Maryamu ba. Ya karɓi kyautarta a matsayin shirin jana'izarsa. Daga nan muka koyi cewa abu mai kyau da tsada ba zunubi ba ne a kan kansa. Allah da ya yi wa dawisu ado, shi ne kuma ya umarci Musa a Fitowa 26:14 a rufe alfarwar sujada da fatun raguna da aka rina ja. Kafin nan ma, a Farawa 3:21, da hannunsa ya yi wa Adamu da matarsa tufafi na fata. In mun faɗi gaskiya, Allah ne baduku na farko.

Amma kada wani mai hali ya fake da wannan Bishara ya toshe bakin talaka. Sa'ad da Yesu ya tuna wa almajirai cewa matalauta za su kasance tare da su koyaushe, yana nuni ne ga Maimaitawar Shari'a 15:11, inda aka ba da wannan dalili domin a buɗe hannu, ba domin a dunƙule shi ba. Ku kuma lura da wani abin da mukan tsallake. Nardi ba ya tsirowa a Betanya. Saiwar wani tsiro ce da ake haƙowa a duwatsun Himalaya, can arewacin Indiya da Nefal. Kafin turaren ya iso hannun Maryamu, wani talaka ya hau dutse cikin sanyi ya haƙo shi, wani ya tatse mansa, wasu fatake sun yi watanni a hanya. Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana nawa aka biya mai haƙar nan daga cikin dinari 300 ba. Amma Allah ya sani. Wannan ita ce ainihin tambayar saurayinmu.

Akwai mutum biyu a Sabon Alkawari da suka yi hulɗa da tufafin shunayya, wato kayan sarakuna da attajirai na wancan zamani. Ɗaya ita ce Lidiya, mutuniyar Tayatira, mai sayar da su a Filibi, wadda ta karɓi baftisma, ta buɗe gidanta ga Bulus da abokansa, har ya zama wurin taron masu bi (Ayyukan Manzanni 16). Ɗayan shi ne attajirin Luka 16, wanda ya sa su a jikinsa yana shagali kullum, wani Li'azaru dabam, miskini mai gyambuna, yana kwance a bakin ƙofarsa. Yadin iri ɗaya ne. Ƙofa ce ta raba su: ita ta buɗe tata, shi ya rufe tasa.

TARIHIN FATARMU

Wannan jar akuya da ke yawo a tsakar gidajenmu, wadda muke kora da tsinke idan ta sa baki a shanya, tana da suna a duniya fiye da yadda muke zato. Masana kiwo suna kiranta jar akuyar Sakkwato, 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar kuma suna ce mata jar akuyar Maraɗi, har gwamnatinsu ta kafa mata cibiyar kiwo ta musamman a can. Fatarta tana da ƙarfi da laushi tare, idonta ƙanana ne, tana shan rini, ba ta saurin tsagewa.

Ƙarnuka da dama kakanninmu suna jeme ta da toka da 'ya'yan bagaruwa, su shafe ta da man gyaɗa, su rina ta ja da karan dafi. Ayarin raƙuma yana ɗaukar ta daga Kano da Katsina ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus da sauran biranen Arewacin Afirka, daga can ta shiga jirgin ruwa zuwa Turai. Da yake ta hannun 'yan kasuwar can ta isa gare su, sai Turawa suka haɗa ta da ta ƙasar Maroko suka sa musu suna guda, wato fatar Maroko. Da ita aka yi bangon manyan littattafai a Ingila da Faransa. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a shekarar 1851, ya ba da labarin takalman Kano da jemammun fatun da ake kaiwa har bakin Bahar Rum. To, ku dubi wannan al'amari: aikin namu ne, sunan na wasu. Tun daga wancan lokaci kura ke shan bugu, gardi ke karɓar kuɗi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya daga arewa zuwa kudu, fata ta bi gyaɗa da auduga zuwa Ikko. Daga baya aka kafa masana'antun jima na zamani a Bompai da Sharaɗa da Calawa. Har yau mafi yawan fatun awaki da tumaki da ake jemewa a Kano ana fitar da su ne ba a ɗinka su ba, zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen, inda ake ƙarasa gyaransu, a yanka, a ɗinka takalma da jakunkuna da safar hannu, a buga musu tambarin manyan kamfanoni.

INDA KUƊIN KE TSAYAWA

Bari mu bi sawun fata guda. Wata uwa a ƙauyenmu ta yi shekara biyu tana ba akuya dusa da harawa da ruwan tsari. Aka sayar da ita a kasuwar Matazu ko ta Caranci, mahauci ya yanka ya feɗe. Mai tara fata ya saya da 'yan kuɗi kaɗan, ya zuba mata gishiri, ya haɗa ta da wasu ya kai wa dillali. Dillali ya kai Kano. A masana'anta wani ma'aikaci ya tsaya cikin ruwan sinadari ya jeme ta. Daga nan sai jirgi. Kowane hannu da ta ratsa an ƙara mata kuɗi, amma ƙarin da ya fi kowane girma yana zuwa ne a ƙarshe, wurin ɗinki da tambari, inda babu ɗanmu ko ɗaya.

Gaskiya ta hana ni in ce wannan ciniki bai amfane mu da kome ba. Da babu mai son kayan alatu a Turai, da fatar akuya ba ta da farashi sai abin da kare zai ja a juji. Dubban gidaje a Kano suna cin abinci daga jima da dako da dillanci. Ƙasa tana samun kuɗin waje daga abin da ba man fetur ba. Mai sayen abu mai tsada kuma yakan nemi inganci, neman inganci kuwa yakan koya wa mutane kula da aikinsu. Waɗannan albarka ne, kada mu raina su.

Amma akwai ɗaya gefen. Jima ta zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam, an kuwa daɗe ana kokawa a kan gurɓataccen ruwan da ke fita daga masana'antu ya gangara kogin Calawa, inda masu noman rani ke ban-ruwa, makiyaya ke shayar da dabbobi. Can wajen ɗinki ma ba kullum ake adalci ba. A shekarar 2024 wata kotu a birnin Milan na Italiya ta sa wani reshe na kamfanin Dior ƙarƙashin kulawarta, bayan masu bincike sun gano cewa wasu ƙananan masana'antu da ke yi masa aiki suna gallaza wa ma'aikata baƙi. An bayyana cewa akwai jakar da ake biyan Yuro 53 domin haɗa ta, a sayar da ita Yuro 2,600 a kanti. Kotun ta ɗage kulawar a farkon 2025 bayan kamfanin ya yi gyara. Wannan ya nuna mana cewa talakan da ke ƙarƙashin wannan ciniki ba a Matazu kaɗai yake ba, kuma idan aka matsa wa manya da doka, suna iya gyarawa.

Akwai darasi kuma daga ƙasar Peru a Kudancin Amurka, inda Paparoma Leo na 14 ya yi aikin Bishop kafin a kira shi Roma. A duwatsun ƙasar akwai wata dabba mai suna bikunya, dangin raƙumi ce amma ƙarama, ba ta da tozo, gashinta yana cikin mafi tsada a duniya. Mafarauta sun kusa ƙarar da ita, har a shekarun 1960 ba su wuce 10,000 ba. Aka kafa dokar hana kashe ta. A 1994 aka ba mutanen ƙauyuka izinin kamawa su aske gashin su sake ta, su sayar wa wasu kamfanoni, ciki har da Loro Piana na Italiya. Da dabbar ta zama mai daraja a raye, sai ƙauyawa suka zama masu gadinta, ƙidayar 2012 ta sami fiye da 200,000. Wannan alheri ne na gaske da cinikin alatu ya taimaka aka samu. Duk da haka, a 2024 kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa mutanen ƙauyen Lukanas suna samun kimanin Dala 280 a kan gashin da ake saƙa rigar Dala 9,000, ko da yake kamfanin ya kare kansa. An ceci dabba, amma mai askinta yana nan inda yake.

MA'AUNIN IKILISIYA

Duniya tana da kalma a kan wannan, wato ci gaba mai ɗorewa. Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa ta a 1987, a 2015 kuma ƙasashe suka amince da muradu 17 da ake son cimma kafin 2030. Ma'anarta a taƙaice ita ce mu ci yau ba tare da mun cinye irin shukar 'ya'yanmu ba. Kowane manomi a nan ya san wannan tun kafin a rubuta shi, domin ba a dafa iri ko yunwa ta yi tsanani. Ikilisiya kuwa tana da ma'auni uku da take auna kowane ciniki da su.

Na farko shi ne lada. Shari'ar Musa ta ce a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi (Maimaitawar Shari'a 24:14-15), Yakubu kuma ya gargaɗi masu dukiya cewa ladan magirba da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji (Yakubu 5:4). Paparoma Leo na 13, a wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891, ya koyar cewa idan larura ko tsoro ne suka sa ma'aikaci ya yarda da ɗan abin da ba zai riƙe shi ba, yardarsa ba ta mai da cinikin adalci ba. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ƙara wani abu mai muhimmanci a Laborem Exercens ta 1981. Ya ce ban da ubangidan da ke biyan ka hannu da hannu, akwai ubangida na nesa wanda ba ka taɓa ganinsa ba, wato gwamnatoci da manyan kamfanonin da ke yanke farashi, suna sayen ɗanyen kaya da araha su sayar da nasu da tsada, kuma shi ma yana da alhaki a wuyansa. Saboda haka kamfanin da ke Faris ko Milan ba zai iya cewa bai san matar Matazu ba. Idan ya san inda mafi kyawun fata ke fitowa, wajibi ne ya san yadda mai kiwonta ke kwana.

Na biyu shi ne ƙasa da ruwa. An sa Adamu a gonar Adnin domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Paparoma Faransis, a Laudato Si' ta 2015, ya nuna cewa wahalar ƙasa da wahalar matalauta ciwo ɗaya ne, domin idan ruwa ya gurɓace, mai kuɗi zai sayi na gora, talaka ne zai sha na rafi. Jakar da ta yi kyau a gilashi amma ta bar guba a kogi, ba a gama biyan kuɗinta ba, an bar sauran bashin a wuyan jikokin wasu.

Na uku shi ne ko sana'a tana zama a gida. Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi mun ga wannan da idonmu a kan auduga. Iyayenmu sun gina gidaje, sun yi aure, sun sa yara makaranta da kuɗin kaɗa. Da manyan masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, sai gonakin auduga suka ragu, domin ƙarfin cinikin ba a hannun manomi yake ba. Kamfanin da ke son a ce ya kawo ci gaba, sai ya koya wa 'ya'yanmu yanka da ɗinki da ƙarasa aiki a nan, ba ya kwashe ɗanye kawai ya dawo ya gina mana rijiya guda ya ɗauki hoto ba. Sadaka tana da lada, amma ba ta maye gurbin haƙƙi.

BITRUS A GIDAN MAJEMI

Yanzu bari in juyo kanmu, gama mai nuna wani da yatsa guda, sauran yatsun shi suke kallo. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce da Bitrus ya je Yafa, ya yi kwanaki da yawa a gidan wani Siman majemi, a bakin teku. Yahudawa na wancan zamani suna ƙyamar majema saboda wari da kuma taɓa matattun dabbobi, shi ya sa akan tura su bayan gari. A wannan gida ne shugaban manzanni ya zaɓi ya sauka. A kan soron wannan gida ne kuma ya ga wahayin babban mayafi cike da dabbobi, aka hana shi ƙyamar abin da Allah ya tsarkake, daga nan ya tashi zuwa gidan Karniliyas. Ƙofar da aka buɗe wa al'ummai, wadda ni da ku muka shigo ta cikinta, daga gidan majemi aka fara buɗe ta.

To, mu fa? Ba mu ne mukan ce ɗiyarmu ba za ta auri mahauci ba, ɗanmu ba zai zama baduku ba? Ba mu ne muka fi son yaro ya riƙe takardar shaida yana zaman banza da ya zauna a rumfar dukanci ba? Mun raina hannun da ke yin salka da gafaka da kube da sirdi, sa'an nan muna mamakin yadda Bature ya ɗauki wannan sana'a ya mai da ita ta sarakuna. Wanda ya raina sana'ar gidansu, a hannun baƙo zai saye ta da tsada.

Ku kuma tuna cewa yawancin mahauta da majema da dillalan fata a wannan yanki maƙwabtanmu ne Musulmi. Fatar akuyar Ista da ta ragon Layya a buhu ɗaya suke tafiya Kano. Paparoma Yohanna Bulus na 2, da ya zo Kaduna a watan Fabrairu 1982, ya yi kira ga Kirista da Musulmi su haɗa hannu domin amfanin ƙasa. Ga wuri guda da za mu iya amsa wannan kira ba tare da gardama ba.

ABIN DA KE HANNUNMU

Nan da kwana shida, gidaje da yawa za su yanka akuya domin murnar Ista. Ina roƙonku mu fara daga nan.

Masu fiɗa, ku yi aiki da natsuwa. Huda guda ta wuƙa tana karya darajar fata gaba ɗaya. Bayan an tsaga, a fi amfani da dunƙulen hannu wajen raba fata da nama. A wanke jini, a kankare kitse, a zuba gishiri da wuri, ko a rataye ta a miƙe a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a shimfiɗa ta a ƙasa cikin tsakar rana, domin waje zai bushe, ciki ya ruɓe.

Masu kiwo, ku yi maganin kaska da ƙazuwa, ku kai dabbobi allurar rigakafi idan ma'aikatan dabbobi sun zo, ku daina yi musu lamba da ƙarfe mai zafi a gadon baya. Ku riƙe jajayen bunsuraye masu kyau domin iri, kada a sayar da nagari a bar raunana. Ku bar gawo da bagaruwa su tsaya a gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina bai hana shuka rana ba, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne, bagaruwa kuwa ita ce jimar da ba ta kashe kogi.

Zumuntar Mata, kun riga kun iya adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai fata guda dole ta karɓi abin da aka ba ta, amma ƙauye mai fata ɗari masu kyau yana da bakin ciniki. Fulanin Nijar suna da al'adar da suke kira habbanaye, inda mai dabbobi ke ba marar shi aron mace, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Me zai hana kowace majami'a ta yi haka ga gwauraye da marayu, da waɗanda 'yan bindiga suka kore wa garke?

Iyaye maza, akuyar matarka tata ce. Ita ce asibitinta, ita ce kuɗin makarantar 'ya'yanta. Wanda ya ja ta kasuwa ba da yardarta ba, ya tuna da misalin da annabi Natan ya ba Dawuda a kan 'yar tunkiyar matalauci (2 Sama'ila 12). Kuma duk wanda ya sayi dabba da araha alhali ya san ta sata ce, ya haɗa hannu da waɗanda suka hana mu barci. Babu ci gaban da zai ɗore a kan kayan sata.

Matasa, a Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya da ke koyar da kimiyyar fata da jima da yin takalma, a Shika kuma akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ba su da nisa da mu. Dayosis ɗinmu na Katsina, wanda aka kafa a 2023, yaro ne, zai kuwa girma da irin sana'o'in da 'ya'yansa suka riƙe.

Mu firistoci ma ba mu fita ba. Muna sa rigunan Misa masu ado, muna ɗaga ƙoƙon zinariya, hakan kuwa ya dace da Ubangiji kamar turaren Maryamu. Amma Yohanna Kirisostom Mai Tsarki, wanda ya rasu a shekara ta 407, ya gargaɗi jama'arsa kada su ƙawata bagade su bar Kristi yana rawar sanyi a bakin ƙofa cikin siffar matalauci. Idan za mu sayi bangon littafin Misa ko takalmi ko jaka, mu fara neman na badukun garinmu, mu biya shi ba tare da mun matse shi har ya sayar da asara ba.

Ɗana, kai da ka nuna mini hoton nan, ga amsata. Allah yana cikin kyan fatar, domin shi ya halicci akuyar. Yana cikin gwanintar wanda ya ɗinka jakar. Amma ba ya cikin ma'aunin da ya bar innarka da abin da bai sayi tiyar gero ba, kuma zai tambayi duk wanda ke da hannu a ciki, na kusa da na nesa. Kada ka bar fushinka ya zama hassada irin ta Yahuza, wanda ya san farashin turare, daga baya ya sayar da Ubangijinsa azurfa talatin. Ka mai da shi himma. Ka koyi aikin har ranar da za a ɗinka jakar a nan, a rubuta sunan Matazu a jikinta.

Mu yi addu'a.

Ya Allah Uba, kai da ka suturta iyayenmu na fari da fata, ka kuma sa manzonka Bitrus ya sauka a gidan majemi, ka albarkaci masu kiwo da mahauta da majema da dukawa na ƙasarmu. Ka taɓa zukatan masu dukiya su auna da mudun gaskiya. Ka tsare garkunanmu daga ɓarayi, rafukanmu daga guba, zukatanmu daga hassada. Ka sa ƙanshin adalci ya cika gidajenmu kamar yadda turaren Maryamu ya cika gidan Betanya. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Maryamu Uwar Allah, ki yi addu'a dominmu.